AWON JINI KAFIN CIWO SHI KADA MUTUM

Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, malamin lakkol, ya yi gaban taron ƴan gari a unguwar Zariya, Maraɗi. Biro ya sa an buga shi domin na ƙauye da na wurin bida su ma su samu.



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, da ku da ke zaune nan Maraɗi, da ku da kunka taso daga Tibiri da Jiratawa, barkanku da zuwa. Biro ya ce in yi magana bisa wani zance da ya yi yawa cikin wayoyinmu: wai Turawa sun gano awon jini wanda ke nuna ciwon daji, wanda a likita ake ce ma kansa, tun mutum bai ji komi ba a jikinshi. Wasunmu sun ce ƙarya ce. Wasu kuwa har sun fara tambayar inda ake yin shi da kuɗinshi.

Bari in fara da inda zan sauka, don wanda zai tashi kafin a gama shi tafi da guzuri. Awon nan gaskiya ne, amma shina da tsada ƙwarai, kuma abin da ke kuɓuce mashi na da yawa. Akwai wani awon jinin, tsoho, mai araha, wanda ake yi nan Maraɗi, wanda ya fi shi amfani gare mu nesa ba kusa ba. Shi ne awon ciwon hanta. Kanshi ne zan fi daɗewa.

MI JINI KE FAƊI?

Jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba shi gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Suna tsufa, suna mutuwa, sababbi na maye gurbinsu, komi bisa tsari. Ciwon daji na farawa ranar da wasu ƙwayoyin sunka ƙi bin tsari, sunka yi ta haihuwa ba tsayawa, har su zama ƙari, daga baya su bazu cikin jiki. Wannan aiki na ɗaukar shekaru, kuma a ɓoye ake yin shi. Kun san buhun wake da ƙwari sunka shiga: daga waje lafiya lau, sai ranar da anka kwance baki a tarar da gari.

To ina ruwan jini? Jini na ratsa ko'ina cikin jiki, kamar yadda Gulbin Maraɗi ke ratsa ƙasarmu da damina. Wanda ya tsaya bakin gulbi a Tibiri, in ya ga ruwa na ɗauke da kara da zana, ya san an yi ɓarna wajen Jiratawa ko gaba da nan, ko da bai je ba. Haka ƙari ke zubar da ƴan alamomi cikin jini, mai awo kuma su shike nema.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. A 1963 wani masani ɗan Rasha, Abelev, ya ga wani sinadari cikin jinin ɓeraye masu ciwon dajin hanta. A 1964 ɗan ƙasarsu Tatarinov ya gan shi cikin jinin mutum. Sinadarin nan jinjiri ne ke yin shi tun shina cikin ciki, in an haife shi sai shi ɓace, amma in ciwon daji ya kama hanta sau da yawa shina dawowa. A takardar labo ana rubuta shi AFP. Ku riƙe haruffan ga uku, za mu komo kansu.

SABON AWON DA AKE ZANCE

Wanda ya fi suna shi ne Galleri, na wani kamfanin Amurka mai suna GRAIL. Shina neman ɓurɓushin ƙwayoyin ƙari da sunka mutu sunka zuba cikin jini, kuma masu shi sun ce shina iya jin alamar ciwon daji iri fiye da 50. An fara sayar da shi a Amurka a 2021, bisa dala 949. Dalar Amurka nike nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. In an juya, ya haura rabin miliyan na sefa, awo ɗaya tak.

Ga lissafin da masu binciken kamfanin sunka buga a 2021. Cikin mutum 100 da anka riga anka san suna da ciwon, awon ya gane kamar rabi. Cikin mutum 100 da ciwonsu ke matakin farko, lokacin da ya fi jin magani, ya gane kamar 17 kaɗai. Cikin masu lafiya kuwa, mutum 1 cikin 200 ne ya tada ma hankali a banza. A shekarar ce Ingila ta fara gwada shi bisa mutum wajen 140,000, don a gani ko da gaske shina sa a kama ciwon da wuri.

Sa'annan awon ba shi ne ƙarshen magana ba. In ya nuna alama, sai an bi da hotuna da na'urori, a yanko ɗan nama a duba, kafin a san gaskiya. Ku tuna a 2021 ne ƙasarmu ta samu na'urar gashin ciwon daji ta gwamnati ta farko, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan. Ke nan ko an kawo mana awon nan kyauta, sauran tafiyar ta fi wadda anka yi tsawo.

CIWON DA KE ƊAUKE MANA MAJIYA ƘARFI

Iyayena dattawa, kun fi ni sanin wannan hoton. Magidanci ɗan shekara talatin da biyar ko arba'in, mai ƙarfi, ya dawo daga bida shina koke da gefen cikinshi na dama. Sai rama. Sai ido shi yi rawaya a ce shawara ce. Sai ciki shi kumbura da ruwa, ƙafafu su bi. A ce sammu ne, ko an ba shi a abinci can inda ya je. A sayar da akuya, a jinginar da gona. Kafin wata uku an yi zaman makoki, an bar mata da ƴan yara, an kuma bar gaba tsakanin dangi don wani na zargin wani.

Sau da yawa wannan ciwon dajin hanta ne, ko ƙeƙashewar hanta. Rajistar masu ciwon daji da ake riƙewa a Yamai tun 1992 ta nuna na hanta na cikin na gaba-gaba wurin maza. Wani bincike da anka buga a 2017, bisa asibitocin ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya da Gana da Kodibuwa, ya nuna in an fid da Masar, rabin masu ciwon ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano shi. Dalili ɗaya ne: sun iso a makare. Hanta mai haƙuri ce, ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa.

Babban mafarin wannan ciwo a ƙasashenmu wata ƙwayar cuta ce, hepatit B. Wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamarta cikin jini a shekarun 1960, anka ba shi lambar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarshi, 28 ga Yuli, ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar, wajen miliyan 65 a Afirka, kuma 13 kaɗai cikin 100 sunka san suna da ita. Sauran na noma, na kasuwa, na aure, ba su sani ba.

Yaya ake ɗaukarta? Mafi yawanmu tun muna ƙanana: daga uwa wurin haihuwa, ko tsakanin yara ta ƙuraje da raunuka, ko ta aska da allura da anka yi ma wani aiki da su ba a sake ba, wurin aski, kaciya, ƙaho, tsaga, cirar hakin wuya. Ana kuma ɗaukarta ta kwanciyar aure. Jinjirin da ya kamu, 9 cikin 10 cutar na zama jikinshi har girma. Babba in ya kamu, mafi yawa jikinshi na korar ta. Shi ya sa ciwon dajin ke kama namu da ƙuruciya: ɗan shekara 35 ya riga ya yi shekara talatin da ƴan kai cutar na cin hantarshi.

Ku ji wannan da kyau, ku kai gida: ba a ɗaukarta ta cin tuwo ƙwarya ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko gaisuwa da hannu, ko zama tabarma ɗaya. Kada a ware ma kowa kwano.

"JININKA BAI YI BA"

Da yawa cikinmu an taɓa yi musu awon nan ba su sani ba. Mace ta zubar da jini wurin haihuwa, ko masassara ta shanye jinin yaro, anka ce dangi su zo su ba da. Kafin a ƙara ma mutum jini, ana auna shi don cututtuka huɗu, hepatit B na ciki. Sai a ce ma wani: jininka bai yi ba. Hankali na ga maras lafiya, sai a ruga neman wani mai bayarwa, maganar ta wuce. Wani ma shi ɗauka jinin nashi ne bai dace da na maras lafiyar ba.

Mai yiwuwa haka ne, rashin dacewa ne kawai, ko ƙarancin jini. Mai yiwuwa kuma an ga wani abu. Duk wanda anka taɓa gaya ma wannan magana, ko shekara goma ce ta wuce, shi koma likita shi ce a yi mashi awon hepatit B. A takarda za ku ga an rubuta AgHBs. Ɗigon jini ne daga yatsa ko ƴar allura a hannu, awon gaggawa ba shi kai rabin awa, kuɗinshi kuwa bai kai na buhun hatsi ba, ko kusa. Majo na gidan likitan da ke kusa da ku zai faɗa muku inda ake yi.

In an rubuta negatif, sai mutum shi tambayi likita ko shina bukatar allurar riga-kafi, guda uku ce. A ƙasarmu a 2008 anka sa riga-kafin hepatit B cikin allurar yara, wadda ake yi a sati 6, sati 10 da sati 14. Ke nan duk wanda anka haifa kafin 2008, watau kusan dukanmu da ke zaune nan, wannan gata ya wuce shi.

IN AN RUBUTA POZITIF FA?

Farko, ba a ce mutum na da ciwon daji ba, ba a kuma ce ajalinshi ya zo ba. An ce shina cikin waɗanda ya kamata a sa ma ido. A Gambiya, tsakanin 2011 da 2014, likitoci sun bi gari-gari suna auna manya ƴan shekara 30 zuwa sama, kusan mutum 6,000. Kusan 9 cikin 100 na ɗauke da cutar. Cikin waɗanda sunka je anka duba hantarsu, waɗanda sunka bukaci magani nan take ba su kai 5 cikin 100 ba, bisa ƙa'idar wancan lokaci. A 2024 OMS ta sassauta ƙa'idar don mutane da yawa su samu shiga magani da wuri.

Abu na biyu, akwai magani. Sunanshi tenofobir, ƙwaya ɗaya a yini. Ba shi kashe cutar ƙurmus, amma shina danne ta, hanta ta huta, haɗarin ciwon daji shi ragu ƙwarai. Likita ne ke cewa wane zai sha, bayan wasu awon. Wanda ya fara kada shi tsaya da kanshi don ya ji sauƙi ko don kuɗi sun yanke, gama cutar na iya tasowa da ƙarfi. Shi koma shi gaya ma likita halin da shike ciki.

Abu na uku shi ne ainihin zancenmu na yau. Wanda likita ya ga shina cikin haɗari, ana so kowane wata shida a yi mashi abu biyu: hoton ciki, wanda muke ce ma eko, da awon jinin nan na AFP. Ana haɗa su ne don AFP shi kaɗai ba shi isa. Akwai masu ciwon da ba shi tashi a jininsu, kuma shina iya tashi wurin mai ciki ko mai kumburin hanta ba tare da ciwon daji ba. A Shanghai ta ƙasar Sin an gwada wannan hanya bisa mutum fiye da 18,000, anka buga sakamako a 2004: cikin rukunin da anka riƙa kira awo, mutuwa ta ciwon dajin hanta ta ragu da 37 cikin 100. Ƙari in shina ƙarami kamar goro, ana iya yanke shi ko a ƙone shi. In ya cika hanta, sai dai a rage ma mutum zafi.

Ƴan'uwana masu tafiya bida, na san abin da za ku ce: wanda ke Legas, ko Agadas, ko Aljeriya, ko Abijan, ina shi ina awon wata shida? To ku duba kalandar da kuke bi da ma. Kuna tashi bayan kaka, kuna dawowa gab da shuka. Tsakaninsu wata shida ne, ko kusa. Awo ɗaya kafin a hau mota, awo ɗaya in an sauka, kafin kuɗin bida su watse. Takardun kuma a sa su cikin leda tare da katin ɗan ƙasa, don kowane likita, a kowace ƙasa, shi ga inda na baya ya tsaya.

Iyayenmu mata, ga naku rabon. Kowace mai ciki ta roƙi a yi mata awon AgHBs wurin awon ciki. In tana da cutar da yawa cikin jini, akwai maganin da za ta sha kafin haihuwa don kare jinjiri. OMS ta ce a yi ma kowane jinjiri allurar hepatit B cikin awa 24 na farko, saboda haka a tambayi ungozomar likita tun kafin naƙuda, a kuma cika karnen allura har ƙarshe. Uwa mai cutar na iya ba da nono. A tsibirin Taiwan sun fara yi ma jarirai wannan allura a 1984, kuma ciwon dajin hanta wurin yara ya ragu sosai. Miji ko mata in ɗaya na da ita, a auna ɗayan da ƴaƴa, a yi ma marasa ita allura. Ba dalilin kashe aure ba ne, ba kuma dalilin fasa shi ba.

ZANCEN GUJIYA

Mu mutanen Maraɗi ba a koya mana gujiya. Iyayenmu sun ga zamanin SONARA da tulin buhuna. Amma akwai abin da ya kamata mu ƙara sani. Gujiya da masara in ba su bushe sosai ba, ko anka aje su wuri mai laima, suna yin fumfuna, fumfunar kuma na fid da wani dafi mai suna afalatoksin. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 sunka mutu a Ingila don sun ci tunkuzar gujiya da ta ɓaci. Dafin nan hanta shike bugu, suya da dahuwa ba su kashe shi, kuma in ya tarar da hepatit B cikin jiki, haɗarin ciwon daji na ninkawa sau da yawa.

Ga inda muke cutar kanmu: mu tsince mai kyau mu kai kasuwa, ƙwarkwasasshiya da baƙa da mai ɗaci mu bar ma gida, a yi ƙuli-ƙuli da miya, ko a ba yara. A shanya gujiya bisa tabarma ko leda har ta yi ƙara in an girgiza. A ɗora buhu bisa itace, nesa da bango. Wadda ta yi fumfuna a zubar. Mai hepatit B kuma shi nisanci giya, da ƙwayoyin bisa tire, da jiƙe-jiƙen da bai san abin da ke ciki ba, don duk abin da anka haɗiye hanta ce ke tace shi.

ABIN DA JINI BA SHI NUNAWA

Kada wani shi tashi nan da tunanin jini na faɗin komi. Ciwon dajin da ya fi kama matanmu, na nono da na bakin mahaifa, hannu da ido ke gano su. Mace ta riƙa taɓa nononta, in ta ji ƙulli ko da ba shi zafi ta je likita cikin satin. Bakin mahaifa kuma ungozomar likita na duba shi cikin ƴan mintoci. Maza masu shekara 50 zuwa sama, akwai awon jini mai suna PSA don ƙwayar nan ta ƙarƙashin mafitsara, amma shina tashi ko don tsufa ko kumburi kawai, saboda haka a yi shawara da likita kafin a yi shi da bayan an yi.

Ku kuma yi hankali da masu yawo da ƴar na'ura, su ce ka riƙe ƙarfe a hannu, kwamfuta ta karanto maka ciwo ashirin, sa'annan su fiddo kwalaben da za su sayar maka. Awon gaskiya a labo ake yin shi, a ba ka takarda mai hatimi, likita shi karanta.

ABIN DA NIKE ROƘON ƘUNGIYA

Asusunmu ya saba taimakon jinya da kai gawa gida. Ina roƙon taro shi duba waɗannan shawarwari biyar:

1. A ware wani kaso na kuɗin wata don biyan awon AgHBs ga ɗan ƙungiya da matarshi, a fara da masu shirin tafiya bida da mata masu ciki.

2. Biro shi aika mutum biyu su gana da ma'aikatan lafiya, a ji farashi, a kuma ga ko za a sa mana rana guda, a nan ko a ƙauye lokacin da kowa ke gida.

3. Sakamako sirrin mai shi ne. Ma'aji shi biya bisa rasit, kada shi tambayi abin da takarda ta ce.

4. Wanda ya bukaci awon wata shida kuma hannunshi bai kai ba, shi gaya ma dattijo ɗaya da taro zai zaɓa, a taimake shi ba tare da an ambaci sunanshi ba.

5. Iyayenmu dattawa su yi magana da wanzamanmu cikin girmamawa: kowane kai da rezarshi sabuwa, mai suna ko mai kaciya shi saye ta.

Na biyar ɗin ku kaɗai ke iyawa, iyayena, don in yaro kamata ya faɗa, gardama za a yi, in ku kunka faɗa, an gama. Haka zancen awon: ranar da anka ga dattawa sun miƙa yatsa da farko, samari ba su da sauran hujja.

 Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi kai matafiyanmu lafiya shi maido su lafiya. Shugaba, na maida magana gare ka.